Shuɗin Safir a Kumatun Sumana

Kadi na tsaka da cuɗa kopto, kwaɗon zogala, da ƙuli a bakin kasuwar Wadata, hannunta duk mai da tattasai, sai ga maƙwabciyarta Safiatou ta iso tana haki, ɗankwali a hannu. Ta ce maza uku sun zo gidan da mota, sun banke ƙofar ɗakin Kadi, sun fito da Sumana suna jan shi ta ƙafa, kansa na bugun dokin ƙofa. Ta ce ta yi magana, ɗaya ya hankaɗe ta ta faɗa kan murhu.

"Su wa?"

"Ban san su ba, Kadi. Sun ce dai ɓarawon agogo suka zo ɗauka."

Kadi ba ta wanke hannu ba. Ta kife faifai a kan robar kopto, ta ce wa mai albasar da ke gefenta ta duba mata, ta ɗaure zane ta miƙe.

Sumana ɗanta ne, shi kaɗai ya rage mata cikin huɗun da ta haifa. Shekararsa talatin da uku, kuma kwana shida ke nan yana kwance a ɗakinta, idon hagu a naɗe, kumatu ya kumbura kamar an cusa masa mangwaro. Mutumin da ko bayi sai ya dafa bango yake zuwa, shi ne ƙatti uku suka zo suka ja a ƙasa.

Shekara tara yana aiki a shagon Nassirou, bayan layin teloli, inda ake gyaran agogunan manya. Aikinsa gilashin fuskar agogo. Ba irin gilashin taga ba ne, safir ake ce masa. Sumana ya sha yi mata bayani tana tsinkar zogala. Ya ce a can inda ake yin sa, wani farin gari ake zubawa kaɗan-kaɗan cikin harshen wutar da ke narkar da ƙarfe, yana narkewa yana ɗiga yana daskarewa, har ya tashi dunƙule kamar saiwar rogo. In shuɗi ake so, tun cikin garin ake haɗa ƙurar ƙarfe, don haka launin yana cikin jikinsa har tsakiya, ba shafa shi ake yi a sama kamar lalle ba. Sai a yanka dunƙulen fale-fale da zarto mai haƙoran lu'ulu'u. Faya-fayan nan ne ke zuwa Yamai cikin auduga. Sumana ya manna ɗaya a bakin sanda da danƙo, ya kafa shi ga dutse mai juyawa, ruwa na ɗiga daga gorar da aka huda, yana ci yana aunawa, wani lokaci yini biyu, har ya zauna a bakin agogo ba ko ƙofar da ƙura za ta shiga. Duk da yatsu ake yin wannan. Kadi ba ta taɓa taka lakwal ta yi boko ba, amma ta san da yatsun nan ɗanta yake ci.

Ranar da ya dawo da jini, bai ɓoye mata komai ba. Wani Alhaji Ƙasimu, babban mai sayar da katako a kasuwar Katako, ya kawo agogonsa a wanke masa ciki, agogo mai gilashi shuɗi kamar ruwan bula. Aka cire gilashin aka ajiye. Sai baƙi suka shigo, masu takalmi mai sheƙi daga unguwar Plateau, Nassirou kuwa in ya ga baƙi bakinsa ba ya rufuwa. Ya ɗauko gilashin mutane ya ɗora a tebur, ya goga masa wuƙa, ba alama. Ya goga ƙusa, ba alama. Ɗaya cikin baƙin ya yi dariya ya ce to guduma fa? Sumana ya ce wa maigidan nasa patron, a'a, ba ya karcewa ne kawai, amma yana fashewa. Ya sunkuya zai janye shi, ashe guduma ta riga ta taso. Shekara ashirin Nassirou yana gaya wa mutane safir ya fi ƙarfe, har shi ma ya yarda da bakinsa. Abin ya tarwatse a fuskar Sumana.

Ba asibiti Nassirou ya kai shi ba, wurin wani mai allura na kartiye, cikin unguwa, ya kai shi, aka wanke aka naɗe. Ya zo har ƙofar ɗakin Kadi ya durƙusa yana hawaye, yana cewa Inna a rufa mini asiri, zan samo wani in sa kafin Alhaji ya zo. Ta yi shiru don Sumana ya roƙe ta. Wannan shirun nata take tsine wa yanzu, tana ratsa masu amalanke da masu babur, tana ture duk wanda ya tsaya mata a gaba.

Ta iske shagon a kulle. Ta ɗauki dutse ta shiga dukan ƙofar ƙarfen, har Habibu tela da ke jikin shagon ya tsayar da kekensa ya leƙo.

"Inna Kadi, kada ki kashe hannunki, ba ya ciki."

"Ina ɗan banzan ya shiga?"

Habibu ya duba hagu ya duba dama, ya rage murya. Ya ce jiya da la'asar Alhaji Ƙasimu ya zo da kansa. Gilashin banza Nassirou ya sa masa, wanda aka shafa wa shuɗi a sama. Alhaji ya goge shi da ƙofar mota, shuɗin ya kwaɓe kamar fatar gyaɗa. Ya zo ya shaƙe Nassirou a gaban kowa, ya zabga masa mari biyu. Nan take Nassirou ya rantse da Allah Sumana ne ya sace na gasken ya sayar, kuma raunin fuskarsa wurin rabon ganima da abokan satarsa ya samo shi.

"Kai kana nan ya faɗi haka?"

"Ina nan."

"Ka kuma ji ƙarar gudumar ranar?"

"Na ji ihu dai, Inna. Bango ne tsakaninmu, ban gani ba."

"Bango. Allah ya sa bangon ya faɗo maka. Ina suka kai shi?"

"Katako, sito na Alhaji. Nassirou ma yana can. Na ji Alhaji ya ce in gilashinsa bai fito ba kafin azahar, hannun da ya ɗauka ba zai sake ɗaukar ko cokali ba."

Ta tare taksi, ta buɗe gaba ta matse wani mai jaka da ke zaune, ta ce Katako. Direban ya fara cewa ba hanyarsa ba ce, ya dubi fuskarta, ya juya kan mota.

Ba ta sha wahalar gano wurin ba. Kowa a Katako ya san siton Alhaji Ƙasimu, babban rumbu mai rufin kwano, katako jibge har sama. An kunna babban zarto mai kuran, wato lantarki, yana ta kuka, ba kuwa itacen da ake yankawa. Kadi ta ga ƴan dako zaune a inuwa kowa ya sunkuyar da kai, ta gane don me aka bar zarton yana kuka.

A can ciki, bayan tulin katako, an ɗaure Sumana da igiya a jikin ginshiƙi, yana durƙushe. Naɗin idonsa ya warware yana lilo a kunne. An miƙar da hannunsa na dama a kan wani kututture, an ɗaure wuyan hannun da waya. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun karkace waje, sun yi baƙi. Wani ƙato da ake kira Bello, babban mai gadin Alhaji, yana tsaye a kansa da guntun katako. Alhaji Ƙasimu na zaune a kujerar roba, farar shadda, carbi a hannu. Nassirou na rakuɓe a gefe, shatin yatsu biyar a kumatunsa.

Kadi ba ta yi sallama ba. Ta tafi kai tsaye ta rungume Bello ta baya ta kafa masa haƙora a dantse. Haƙoranta na gaba shida ne suka rage, duka shidan ta sa. Bello ya yi ƙara ya juyo ya make ta da gwiwar hannu a baki, ta faɗi kan garin katako. Ta tashi. Ya sake hankaɗe ta, ta bugi tulin katako, ɗaya ya zamo ya sauka mata a kafaɗa. Ta sake tashi, bakinta cike da jini, ta je ta kwanta a kan kututturen, ta rufe hannun ɗanta da cikinta.

"Buga," ta ce. "Buga nan, ɗan da bai san ciwon haihuwa ba."

Alhaji ya ɗaga hannu, wani ya je ya kashe zarton. Wurin ya yi tsit sai numfashin Sumana.

"Wace ce wannan?"

"Uwar ɓarawon ce, Alhaji," in ji Nassirou.

"Baiwar Allah," in ji Alhaji, "ni ba ni dukan mata. Tashi. Ɗanki ya faɗi inda ya kai mini abuna, ku tahi gida."

"Ba ka dukan mata, ka aje mai yi maka." Ta tofar da jini kusa da takalminsa. "Abunka ga wanda ya fasa shi nan tsaye. Da guduma ya fasa shi, don ya burge masu takalmi. Dubi fuskar ɗana. Wanga aikin naushi ne? Kai ba ka taɓa ganin naushi ba?"

"Shi ma haka yake ta faɗi tun safe," in ji Alhaji. "Safir ba ya fashewa. Shi ya sa na saye shi."

"Wa ya gaya maka?"

Idon Alhaji ya je kan Nassirou.

"Alhaji, tsohuwa ce, ba ta san komai ba," in ji Nassirou da sauri. "Kopto take saidawa. Ita da ɗanta suka shirya maganar. In ya fashe, ina ɓaraguzan? A je shagona a share, in aka samu ko ƙwaya guda a yanka ni."

"Ka share ka zubar a kwata, shege. Kai ne ka durƙusa ƙofar ɗakina kana majina."

"Ni? Inna, ki ji tsoron Allah."

Wannan kalmar ta Inna ita ta fi ƙona mata rai. Ta yunƙura za ta tashi ta kama shi, ta tuna abin da ke ƙarƙashin cikinta, ta koma ta kwanta.

Alhaji ya dubi agogon wani yaronsa na kasuwa, don nasa yana aljihu. Ya ce magana ba hujja ba ce, shi abunsa yake so ya gani da ido. Ya ce Bello ya ɗauke ta. Mutum biyu suka kama ta ta ƙafa da kafaɗa, tana harbi tana yaƙushi, ta cire wa ɗaya maɓallan riga, suka ɗaga ta suka jefar gefe. Bello ya gyara tsayuwa, ya auna babban yatsa da manuniya, su biyun da ake riƙe aiki da su.

"Nya," in ji Sumana. Haka yake kiran ta tun yana yaro. Muryarsa ba ta fita sosai. "Nya, akwai saura a nan."

"Mi ka ce?"

"Cikin kumatu. Ƙasan ido. Mai allura bai ciro duka ba. In na tauna abinci ina jin shi yana suka na."

Kadi ta rarrafa ta isa gare shi. Ta ce wa Alhaji, ba tare da ta dube shi ba, in shi ɗan halak ne ya ba ta abin da bai wuce a sha ruwa ba. Alhaji ya ce Bello ya dakata.

Ta janye naɗin gaba ɗaya. Idon a rufe yake, ya manne da ruwan ciwo. Ƙasansa akwai ƙananan raunuka da suka fara bushewa, sai ɗaya da bai bushe ba, ya yi ja ya tasa. Ta danna da babban yatsa. Sumana ya zabura har igiyar ta ci masa wuya. Ta ji abin a ƙarƙashin fata, mai tauri, mai baki.

A kan teburin awo akwai rezar da masu auna katako ke feƙe fensir da ita. Ta miƙa hannu ta ɗauko. Ta ga butar shayi a kan gawayi a bakin ƙofa, ta ce a miƙo mata, ta tsiyaye ruwan zafin a kan rezar da yatsunta, ba ta ko yamutsa fuska ba.

"Riƙe mini kansa," ta ce wa Bello.

Bello ya dubi Alhaji.

"Kai nake wa magana. Ka iya karyawa, riƙewa ce ba ka iya ba?"

Ya ajiye katakon ya riƙe. Ta cusa wa Sumana bakin zanenta ya ciza. Ta yi bisimilla ta tsaga.

Fatar da ta kumbura ba ta da wuyar yanka. Mugunya ta fara fitowa, sannan jini, mai yawa, ya bi wuyansa ya jiƙa riga. Sumana ya yi wani gurnani cikin zanen, ƙafafunsa na shure garin katako. Ɗaya cikin mutanen Alhaji ya juya baya. Kadi ta sa yatsa cikin raunin tana lalube, abin ya zille mata, ya ƙara nutsewa. Ta ƙara tsagawa kaɗan. Tana yi tana magana da shi da Zabarmanci ƙasa-ƙasa, irin maganar da ake yi wa jariri in ana masa wanka. Ta kamo shi da farce ta zaro.

Bai kai ƙwayar wake ba. Ta jefa shi a bakinta ta tsotse jinin, ta tofo shi a tafin hannu. Shuɗi ne, mai kusurwa uku, gefe ɗaya a lanƙwashe sumul inda ya taɓa zama bakin da'ira.

Ta yagi bakin zanenta ta danna wa Sumana a kumatu, ta ɗora hannun Bello a kai ta ce ya danne. Ta tashi ta tsaya gaban Alhaji.

"Fito da agogon."

Ya fito da shi. Ta kama hannunsa da agogon gaba ɗaya, ta kafa tsinin abin a kan gilashin banzan da Nassirou ya sa, ta ja. Ya yi ƙara mai sa haƙori tsami, ya bar farin layi mai zurfi daga sama har ƙasa. Alhaji ya karɓi ɓarin daga hannunta, ya je bakin ƙofa ya ɗaga shi ga rana. Ya juya shi ta gefen da ya karye. Shuɗin na nan har cikinsa. Ya zaro ƴar wuƙar makullinsa ya goga, ya sake gogawa da ƙarfi. Ba alama.

Nassirou ya riga ya fara ja da baya. Ya kai bakin ƙofar baya ya zuba da gudu, wani ɗan dako da ke zaune tun safe yana jin komai ya miƙa ƙafa kawai. Nassirou ya kife, haɓarsa ta bugi ƙarfen awo. Aka jawo shi ciki.

"Alhaji, tsautsayi ne. Wallahi na yi odar wani, yana hanya. Inna, ki sa baki, ni da Sumana ƴan uwa ne."

Alhaji ya ce a kwance Sumana a ɗaure wannan a wurinsa. Kadi da kanta ta warware wayar, a hankali, don ta ci nama. Ta duba babban yatsa, ta duba manuniya da na tsakiya, ta ce ya motsa. Ya motsa su.

Sannan ta ɗauki guntun katakon da Bello ya ajiye. Ba wanda ya hana ta. Nassirou, da ba a kai ga ɗaure shi ba, ya ɓoye hannuwansa a hammata yana kuka, ita kuwa ba hannun take so ba. Ta kai masa a baki, sau ɗaya, da duk ƙarfin da dakan shekara arba'in ya bar mata a kafaɗa. Haƙora biyu suka faɗo cikin garin katako. Bello na durƙushe yana danne da kumatun Sumana, ta juyo ta sauke masa na biyu a gadon baya, katakon ya tsage. Ya yi nishi, bai saki zanen ba.

Ta juya ga Alhaji da ragowar a hannu. Mutanensa suka matso. Ta jefar da shi a gabansa.

"Kai ba a nan zan buge ka ba."

"Baiwar Allah, an yaudare ni ne. Ki yi haƙuri. Duk abin da ya kamata zan yi."

"An yaudare ka, sai ka karya ɗan mutane. Ba ku da komisariyar ƴan sanda a garinku? Ba ni mota."

Motar Alhaji ce ta kai su asibiti, mai fararen kujeru. Kadi ba ta shimfiɗa komai ba, ta kwantar da kan Sumana a cinyarta, jinin ya bi inda ya ga dama.

Lokotoron mace ce, yarinya a idon Kadi. Ta ɗinke kumatun, ta ce wa ya yi wannan yanka, Kadi ta ce ni. Ta dubi Kadi ta ci gaba da ɗinki. Aka ɗauki hoton hannun. Ta ce idon sai likitan ido ya gani, ba za ta yi alkawari ba. Yatsu biyun sun karye, za a ɗaure, ƙaramin ba lalle ya miƙe daidai ba.

"Sauran ukun fa?"

"Lafiyarsu lau, Inna."

"Zai yi aiki da hannun?"

"In ya warke zai yi."

Kadi ta zauna a kan benci, karo na farko tun safe. Sai a lokacin ta ji leɓenta ya kumbura, kafaɗarta ba ta ɗaguwa. Ta ce wa lokotoron ta rubuta mata a takarda duk abin da ta gani a jikin ɗanta, da abin da ta gani a nata, ta buga hatimi. Da aka rubuta ta ce a karanta mata. Aka karanta. Ta ce a sake, an tsallake shatin waya a wuyan hannu. Aka ƙara.

Safiatou ta iso da kwanon fura da zane mai tsabta, ta ce Kadi ta canza, duk jikinta jini ne. Kadi ta karɓi furar ta ba Sumana, ta mayar mata da zanen. Ta ce ta zauna da shi kada ta motsa. Ta ninke takardar ta soke a ƙirji, ta fita bakin titi cikin rana, ta tambayi wani mai gadi wace komisariya ce ke riƙe da Katako.